Hutu a Yorkshire: abin da waɗanda suka san yankin suka ce

Da aka tambayi mazauna arewacin Ingila inda baƙo zai yi hutun mako ɗaya a Yorkshire, bakinsu ya zo ɗaya kan birnin York. Daga tashar King's Cross ta Landan tafiyar kamar awa biyu ce a jirgin ƙasa, kuma tikitin da aka saya da wuri ya fi araha nesa ba kusa ba. A York ana hawa ganuwar birni kyauta, haka ma gidan tarihin jiragen ƙasa ba a biyan kuɗin shiga. Babbar majami'ar York Minster ita ce ake biya. Shambles kuwa, wato wani tsohon siririn layi mai shaguna a cikin birnin, sun ce a je da sassafe kafin cunkoso.

Gardama ta tashi kan karkara. Wasu sun dage sai Yorkshire Dales, yankin tuddai da kwaruruka, musamman dutsen Malham Cove, wasu suka ce in babu mota wahala ce, don bas ba ya yawan zuwa ƙauyukan. Ni dai ina bayan masu cewa a yi hayar mota. Masu yara sun fi son garin Whitby a bakin teku, sai dai matakala 199 da ake hawa zuwa kangon tsohon gidan ibada ba ta tsofaffi ba ce.

Mai neman abincin halal da masallaci ya sauka a Bradford ko Leeds. A riƙe rigar ruwa ko da a watan Yuli ne.