Yaro yana jijjiga an ce mu je mu yanko kati: babu wata ƙa'ida ne da asibiti ke bi?

Maman Khalifa

Assalamu alaikum. Tambayata ga ma'aikatan lafiyan da ke nan ce, amma sai na ba ku labarin tukuna.

Daren Talatar makon jiya, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ɗana Khalifa, shekararsa biyu da wata huɗu, ya fara jijjiga. Da ma kwana biyu yana zazzaɓi, ina ba shi farasitamol na kemis, ya sauka ya dawo. Ina zaune kawai na ga idonsa ya juye, haƙora sun datse, hannu da ƙafa suna fizga. Babansa yana Fatakwal wajen aiki. Maƙwabcinmu mai Adaidaita Sahu, Allah ya saka masa da alheri, shi ya kwashe mu ni da surukata zuwa asibiti.

Muna isa, mutumin da ke bakin ƙofa ya ce mu je mu yanko kati. Na ce masa Malam dubi yaron nan. Ya ce shi haka aka ce masa, babu mai shiga sai da kati. A tagar kati na tarar da mutum shida a gabana, kuma sai an biya a wata tagar an dawo da rasit. Ina tsaye da yaro a kafaɗa, jijjigar ta lafa amma bai farfaɗo ba, kiran sunansa nake yi ba ya ko motsi. Na fi minti ashirin a haka. Wata nas ce ta fito za ta wuce, ta kalle shi sau ɗaya, ta karɓe shi daga hannuna ta shige da gudu, ba ta tambayi kati ba. Jijjigar ta dawo a kan gadon, suka sa masa magani ta dubura, suka soki yatsarsa, suka ce sukarin jininsa ya yi ƙasa, ga maleriya, ga ƙarancin jini. Ƙanena ne ya zo ya ba da jini da asuba. Kwananmu biyar aka sallame mu, alhamdu lillahi yana gudu a tsakar gida yanzu.

Amma minti ashirin ɗin nan ya ƙi barin zuciyata. Shin abin da nas ɗin nan ta yi kirkinta ne kawai, ko akwai rubutacciyar ƙa'ida da ta ce haka za a yi? Na biyu kuma, Hajiya surukata ta yi ta roƙon a sa masa ƙarin ruwa da yawa, likitan ya ce a'a, ɗan kaɗan ya sa yana ɗiga a hankali. Har yau tana cewa rowa suka yi mana. Me ya sa?

Sista ta ɗakin yara

Wa alaikumus salam. Maman Khalifa, barka da arziki, Allah ya ƙara masa lafiya ya raya miki shi.

Shekarata goma sha ɗaya a sashen gaggawa na yara. Abin da abokiyar aikina ta yi shi ne ƙa'ida, abin da aka yi miki a ƙofa shi ne kuskure. Tsarin yana da suna, ETAT muke ce masa, wato tantance yaran da ke buƙatar gaggawa da fara yi musu magani nan take, na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, ta fitar da littattafan koyar da shi a 2005. Tushensa yana Malawi, asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre, inda Farfesa Elizabeth Molyneux da abokan aikinta suka lura cewa yara da yawa suna mutuwa ne a cikin awa 24 na farkon zuwansu, wasu ma a kan layi. Suka sauya tsarin karɓar yara, suka horar da ma'aikata, mace-macen yaran da aka kwantar ya sauko daga tsakanin 10 zuwa 18 cikin 100 ya koma 6 zuwa 8. Ba sabon magani suka samo ba, wanda za a fara dubawa suka sauya.

Ga yadda yake. Duk yaron da aka kawo, kafin kati, kafin kuɗi, kafin a tambayi sunan ubansa, wani ya kalle shi. Daƙiƙa 15 zuwa 20 ta isa. Yana numfashi? Wani abu ya toshe masa maƙogwaro? Leɓe da harshe sun yi shuɗi? Hannunsa ya yi sanyi, in ka matsa farcensa ka saki jini bai dawo ba bayan daƙiƙa 3, bugun jijiya yana sauri ba ƙarfi? Ya suma? Yana jijjiga? Gudawa ta tsotse shi har ido ya faɗa, fata in an ja ba ta komawa? Ɗaya tak daga cikin waɗannan aka gani, an gama magana, sai gado. Khalifa biyu ya zo da su, jijjiga da suma.

Akwai rukuni na biyu, waɗanda za a ciro daga layi a kai gaba ko da ba su kai na farko ba: jariri ƙasa da wata biyu, zafin jiki mai tsanani, tafin hannu ya yi fari fat, wanda ya sha kananzir ko fiya-fiya, ƙuna babba, mai tamowa ko kumburin ƙafafu biyu, wanda aka turo da takarda daga wani asibiti. Sauran su ne za su bi layi.

Abin da ya fi damuna a labarinki shi ne mai gadin. Tsarin nan bai ce sai likita ba. Ya ce mai gadi, mai yankar kati, mai shara, duk wanda zai fara haɗuwa da uwa, a koya masa alamomin nan. A wajenmu mun zaunar da masu gadinmu rabin yini mun nuna musu, kuma wallahi ɗaya daga cikinsu ya fi wasu ɗalibanmu saurin gane yaron da numfashinsa ya ɓaci. Mutumin da ya tare ki umarnin da aka ba shi ya bi. Wanda ya ba shi umarnin ba tare da ya koya masa komai ba, a nan gyaran yake.

Sukar yatsar nan ma ƙa'ida ce. Duk yaron da ya suma ko yake jijjiga sai an duba sukarinsa, don maleriya mai tsanani tana zubar da shi, yaron kuma ya kwana biyu bai ci ba. In babu abin gwaji, a asibiti ba shi sukarin ake yi kawai.

Abu Fatima

Ƙari a kan bayanin Sista, ta fuskar doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta ce babu ma'aikacin lafiya ko asibiti da zai ƙi ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane irin dalili. Wanda ya saɓa, tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Ba ta ware asibitin kuɗi ba. Sashe na 11 kuma ya kafa asusun da ake zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, aka ware kashi 5 cikin 100 na asusun don kulawar gaggawa.

Dokar ba ta ce kyauta za a yi miki komai ba. Za ki biya, amma bayan an ceto yaron. Shawarata ki rubuta wa shugaban asibitin takarda, ki sa rana da lokaci da abin da ya faru, ki kuma ambaci nas ɗin da ta taimake ki don a san ta.

Likita a karkara

Hajiya Babba ta yi haƙuri, ba rowa aka yi mata ba. Mu ma da haka aka koya mana, yaro ya zo a galabaice da zazzaɓi a ɗura masa ruwa da sauri. A 2011 aka fitar da sakamakon wani bincike mai suna FEAST da aka yi a Yuganda da Kenya da Tanzaniya a kan yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani. Waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri, kusan 10 da rabi cikin 100 suka rasu a cikin awa 48. Waɗanda aka sa wa a hankali, 7 da ɗan ɗoriya. Sai da aka dakatar da binciken kafin lokacinsa. Yaron da jininsa ya riga ya yi ƙasa, in ka cika shi da ruwa ka ƙara tsinka ɗan jinin da ya rage, ka ɗora wa zuciya kaya. Jini yake buƙata, shi aka ba Khalifa. Mai gudawa da amai da ruwan jikinsa ya ƙare, shi kam a ba shi ruwa da sauri, wannan daban ne. Mai tamowa kuma shi ne aka fi taka-tsantsan da shi.

Ina tsammanin allurar atesunet, maganin maleriya mai tsanani, suka yi masa, sau uku a cikin awa 24 na farko. Ita ce ta maye gurbin kwinin bayan binciken AQUAMAT na 2010, wanda har Ilorin aka yi shi, ya nuna tana rage mutuwar yara da kusan kashi 22 cikin 100 a kan kwinin.

Amma Sista, bari in faɗi namu na ƙauye. Littafin ya ce in iskar jinin yaro ta gaza 90 cikin 100 a sa masa oksijin. Injinmu ɗaya ne, da wuta yake aiki, in aka ɗauke sai janareto, in akwai mai. Daga Agusta zuwa Oktoba yara biyu uku a gado ɗaya, nas ɗaya da daddare. Na sha tsayawa tsakanin yara biyu ina zaɓen wanda zan sa wa. Ƙa'idar tana nan, na yarda da ita ɗari bisa ɗari, amma tana buƙatar hannu da kaya.

Sista ta ɗakin yara

Gaskiya ne Likita, mu ma a birni oksijin yana yanke mana. Sai dai abin da ya sami Maman Khalifa ba rashin kaya ba ne. Gado yana nan, magani yana nan, nas tana ciki, taku ashirin ne tsakaninsu. Kallon daƙiƙa ashirin a ƙofa ba ya cin man janareto. Abin da muka yi a wajenmu: tebur ɗaya da nas a bakin shiga, da akwatin gaggawa da ake cikawa kowace safiya, a yi amfani da shi a biya daga baya.

Maman Khalifa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta wa Hajiya bayanin Likita, ta yi shiru, sai ta ce to Allah ya yafe mata zargin da ta yi. Takardar kuma zan rubuta in babansa ya dawo ranar Juma'a, don ina tuna wata mata da na bari a layin nan da jariri a zani, ban san yadda ta ƙare ba.

Saura abu ɗaya, Sista. A hanya Hajiya ta sa masa cokali a baki don kada ya ciji harshe, ta kuma so ta ɗura masa ruwan rubutu, ni na hana don hannuna yana rawa ne kawai, ba don na san wani abu ba. Me ya kamata mu yi?

Sista ta ɗakin yara

Kin yi daidai da kika hana. Yaro yana jijjiga ko a sume, kada a sa masa komai a baki, ko ruwa ko rubutu ko magani, don huhu zai tafi. Cokalin ma a daina, haƙori yake karyawa ya yanki dasashi. Ban da hayaƙi, ban da kara ƙafarsa a wuta. Ki kwantar da shi a gefensa don miyau ya zubo, ki rage masa kaya, ki duba agogo, ku kama hanya. A yi masa addu'a a tofa a hanya, wannan ba ya hana komai.

In kun isa, kada ki ce "zazzaɓi yake yi", don kowa a layin zazzaɓi ya kawo. Ki ɗaga murya ki ce "yana jijjiga" ko "ya suma" ko "ba ya numfashi sosai", ki nufi duk wanda kika gani da fararen kaya. Wanda ya raka ki shi ya tsaya a tagar kati.

Kuma in masu rabon maganin rigakafin maleriya na damina sun zo unguwarku, ki tabbata Khalifa ya sha na kowane wata, na kwana ukun duka. Daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 ake ba wa, yana ciki.