An ƙwace WhatsApp ɗin mahaifina, lambobin tabbatarwa sun ƙi shigowa

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman taimako.

Mahaifina ɗan fansho ne a nan Ƙofar Ƙaura, Katsina. Wani ya kira shi ya ce ana tantance 'yan fansho, za a turo masa lambobi 6 ta tes, ya karanto masa su. Baba ya karanta. Nan take WhatsApp ya fita daga wayarsa.

Yanzu mutumin yana bin dangi da abokan Baba na masallaci da saƙo, wai Alhaji yana asibiti ana neman kuɗin magani. Gwaggona da ke Daura har ta tura. Dattijon da bai taɓa roƙon kowa ba, yau ana bara da sunansa, abin ya hana shi barci.

Na goge manhajar na sake saukewa, na sa lambarsa, tes bai shigo ba. Na zaɓi a kira mu, shiru. Sai a rubuto in jira wasu sa'o'i, lokacin na cika a ƙara wani. Layin kuwa yana hannunmu, sauran kira da tes suna shigowa lafiya lau.

Yaya zan yi lambobin nan su shigo, in fitar da ɓarawon daga asusun?