Shin sai na tantance kowace shigarwar folda kafin in karanta ta?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta manhaja da harshen C don wata ƙaramar na'ura mai karanta katin memori mai tsarin ext4, wato tsarin adana fayiloli na Linux. Kowace shigarwa a cikin folda, wato bayanin fayil guda, tana faɗin tsawonta a rec_len, da tsawon sunanta a name_len. Shin in tantance su ɗaya bayan ɗaya, ko in dogara da metadata_csum, wato lambar tantancewa da ext4 ke lissafawa don gano lalacewar bayanai, tunda na'urar ba ta da ƙarfi?

Mai amsa na farko: Wa'alaikumus salam. Ka koma harshen Rust mai kare memori, ɗan'uwa, ka huta.

Mai tambaya: Malam, C kaɗai aka yarda mu yi aiki da shi.

Wani injiniya: Ni na yarda da katin, kuma na ɗanɗana kuɗata. An ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, wata shigarwa ta dawo da rec_len sifili, sai manhajar ta riƙa juyawa a wuri ɗaya. Na toshe wannan kafar, sai ga wani katin da tsawon da shigarwarsa ta faɗa ya zarce ƙarshen bulo, wato yankin ajiya mai bayit 4096, na'urar ta karanto abin da ke gaba a memori ta nuna shi a matsayin sunan fayil. Da idona na ga guntun kalmar sirrin wani a kan allo. Kwastoman bai sake kirana ba.

Wata malama: Allah ya mayar da alheri, Injiniya. Linux kanta ba ta yarda da faifai ba. A sashenta mai suna ext4_check_dir_entry tana duba cewa rec_len bai gaza 12 ba, yana rabuwa da 4, ya isa ɗaukar bayit 8 na farko tare da sunan, kuma bai tsallake bulon ba. Shi kuwa metadata_csum lalacewa kawai yake kamawa, ba aikin ganganci ba, domin mugu zai iya sake lissafa lambar tantancewarsa ta crc32c.

Na farko: A wurina binciken ya rage gudu sosai.

Wata malama: Ni na auna, ban ga bambanci ba, domin jiran katin ne ke cin lokaci. Da me ka auna, Malam?

Na farko: Shekaruna a wannan aiki sun ishe ni hujja.

Wani injiniya: Shekaru ba su hana ni faɗawa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ma shi ne katunan jabu, waɗanda ke nuna girman da ba su da shi, su riƙa rubutu a kan tsofaffin foldoji. A ina kuke samun na gaske?