Paul Erdős: baƙo mai albarka ne, ko ɗora wa mutane nauyi ya yi?

Malamin Lissafi: Jama'a, ina nan a kan bakana. A ƙarnin da ya wuce ba a yi masanin lissafi mai buɗaɗɗen hannu kamar Paul Erdős ɗan ƙasar Hungary ba. Takardun bincike kusan 1,500, da abokan aiki sama da 500. Ba gida, ba mata, daga shi sai akwatinsa. Zai ƙwanƙwasa ƙofar abokin aiki ya ce ƙwaƙwalwarsa a buɗe take, a zauna a fara.

Maman Yara: Malam, wa ke wanke kayan da ke cikin akwatin? Wa ke girka masa abinci? Mutumin da aka ce sai da ya kai shekara 21, a Ingila, ya fara shafa wa burodi man shanu da hannunsa. Ni tausayin masu masaukinsa nake ji.

Malamin Lissafi: Hajiya, ai baƙo raɓa ne. 'Yan kwanaki zai yi ya wuce, ya bar mai gida da sabuwar takarda da ayyukan da zai shekara yana yi.

Ɗalibi: Mama, a duba tasowarsa. An haife shi a Budapest a 1913, daidai lokacin da zazzaɓi ya kashe yayyensa mata biyu. Mahaifinsa kuma ya yi shekaru yana fursunan yaƙi a Saiberiya. Uwar da ta binne 'ya'ya biyu, yaya za ta bar na ukun ya ɗauki ko tsinke?

Mai Kemis: Ni damuwata daban ce. Ya daɗe yana shan ƙwayar amfetamin don ya jure aiki. A 1979 abokinsa Ronald Graham ya sa masa dala 500 in zai iya barinta wata guda. Ya bari, ya karɓi kuɗin, ya koka cewa an jawo wa lissafi asarar wata ɗaya, ya koma shan abarsa. Kullum ina ganin matasan da ƙwaya ta lalata, don Allah a riƙa faɗin wannan ɓangaren.

Malamin Lissafi: Wannan kam ban yaba ba, kuma ba na ɓoye wa ɗalibaina. Amma ku dubi kuɗi. Da ya samu kyautar Wolf, wata babbar lambar yabo ta lissafi, mai dala 50,000, ɗan abin da ya riƙe bai kai dubu ɗaya ba, sauran ya rabar. Yana sa lada daga aljihunsa a kan matsalolin lissafi da suka gagara, ga duk wanda ya warware su. Yara kuwa "epsilon" yake kiransu, wato harafin da muke nuna ƙanƙanin abu da shi, kuma yana zama da su da gaske. A 1985 ya zauna da wani yaro ɗan shekara 10, Terence Tao, wanda daga baya ya zama babban masanin lissafi, a 2015 Tao ya warware ɗaya daga cikin matsalolin Erdős.

Maman Yara: Kyauta ba ta wuya ga wanda wasu ke ɗauke masa kuɗin haya da cefane.

Ɗalibi: Ba tilasta musu aka yi ba, Mama. Graham da matarsa Fan Chung sun ware masa ɗaki a gidansu, Graham ne ma ke kula da kuɗinsa. Har ya rasu a Warsaw a 1996 yana halartar taron lissafi, ana rububin karɓarsa. Ita ma Fan Chung ta rubuta takardu da shi.

Maman Yara: Ita ta samu takardu, ɗana. Ni ina maganar waɗanda suka tashi da asuba suka dafa masa kofi, suka wanke kofunan, kuma sunansu bai fito a ko ɗaya daga cikin takardun nan 1,500 ba.