Tsohon dam na kuza a bayan gari: ta ina ake fara tsabtace wurin?

Sakataren_Unguwa

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce daga kwamitin unguwarmu, wani ɗan gari a hanyar Bukuru zuwa Barikin Ladi. A bayan gari akwai tsohon dam na kuza da tulin yashin da aka wanke tun zamanin kamfani, ga 'yan loto, masu haƙar kuza da hannu, sun dawo suna haƙa a gefe. Da ruwan dam ɗin masu lambu suke ban ruwan kabeji, latas, karas da tumatir. Yara suna wasa a kan tulin, magina kuma suna ɗiban yashin su yi filasta tunda kyauta ne. An ce mana akwai dalma da wasu ƙarafa masu guba. Wasu sun ce a zuba alam a dam, wasu sun ce a kawo katafila ta tura tulin ciki a huta. Kuɗinmu kaɗan ne. Me ya kamata mu fara yi?

Mai_Awon_Ƙasa

Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Katafilar nan ku dakatar da ita tukuna. Ba a san abin da ke cikin tulin ba, idan aka tura shi ruwa ba mai iya kwaso shi kuma.

Ku bambanta ƙasar kuza da ta Zamfara. A Anka da Bukkuyum a 2010, dutsen zinariyar ne yake ɗauke da dalma mai yawa, ana niƙa shi a cikin gidaje, yara sama da 400 suka rasu. Kuza ita kanta da ƙyar take narkewa a ruwa. A jihar Filato, inda aka san dalma da tutiya shi ne wajen Zurak a Wase. A nan yankin Jos abin da ya fi ba da tsoro shi ne yashi mai nauyi da ke saura bayan an cire kuza da kwalambait (ma'adinin da ake samu tare da kuza), domin akwai ma'adinan monazait da zakon a ciki, su kuma suna ɗauke da ƙarafan toriyam da yuraniyam masu fitar da radiyeshon, wato wani haske da ido ba ya gani mai cutar da jiki. Dalma da kadmiyam, wani ƙarfe mai guba, na iya kasancewa, amma awo ne zai faɗa, kuma sau da yawa daga wani wuri suke zuwa, kamar tokar bola da ake zuba wa lambu ko wurin fasa tsofaffin batura.

Awon iri biyu kuke buƙata. Na radiyeshon da na'urar awo ta hannu ake yi, a riƙe ta mita ɗaya daga ƙasa, a bi tulin, bakin dam, filin wasan yara, da cikin ɗakunan da aka yi wa filasta da yashin. A fara auna wani wuri mai nisa da haƙar, shi ne abin kwatantawa. Iyakar da aka sa wa jama'a ita ce milisibat 1 (ma'aunin radiyeshon da jiki ya ɗauka) a shekara a kan abin da ƙasa ke fitarwa da kanta. Hukumar NNRA mai kula da harkar nukiliya ta ƙasa ce ke da alhakin wannan, cibiyar binciken makamashi ta CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ma tana irin awon.

Na ƙarafa kuma samfur ake ɗiba. A tsakar gida da filin wasa, santimita 5 na sama kawai, don ita ce ƙasar da ke shiga bakin yaro. A lambu a sauka zuwa santimita 20. Kowane wuri a ɗiba daga kusurwa huɗu da tsakiya da cokalin roba, a gauraya, a zuba kamar rabin kilo a sabuwar leda, a rubuta sunan wurin. Kada ku haɗa ƙasar tuli da ta lambu a leda ɗaya, sakamakon zai fito tsaka-tsaki, bai gaya muku komai ba. Ruwa kuma ku karɓi kwalba daga ɗakin gwajin, mai ɗigon asid a ciki, in ba haka ba ƙarfen zai manne a jikin gora kafin ku isa, awo ya nuna ƙasa da gaskiya. Ku ɗiba sau biyu, a Maris lokacin da ruwa ya ja baya, da Agusta. Ku tuntuɓi Jami'ar Jos ko cibiyar binciken ƙarafa ta NMDC da ke Jos, amma ku tambaye su ƙaramin adadin da injinsu ke iya gani. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, na ruwan sha shi ne miligiram 0.01 na dalma a lita, kadmiyam 0.003, asenik (wata guba) 0.01, yuraniyam 0.03. Injin da ba ya gani ƙasa da 0.1 zai rubuta muku "ba a samu ba", alhali ruwan na iya ninka ma'aunin dalma sau tara.

Injiniya_Rayfield

Na yarda da Malam. In ƙara da abin da ke biyo bayan awo. Ƙarfe ba ya ruɓewa, ba maganin da za a fesa ya ɓace. Ko a kwashe ƙasar a binne ta, ko a rufe ta a inda take.

A gidaje da makaranta kwashewa ake yi, haka aka yi a Bagega ta Zamfara a 2013. Adadin da aka daɗe ana aiki da shi ga ƙasar da yara ke wasa a kai shi ne miligiram 400 na dalma a kilo, Amurka ma ta sauko da nata zuwa 200 a 2024. A kankare santimita 5 da fartanya da shebur, a sake aunawa da na'urar XRF ta hannu mai auna ƙarfe a cikin ƙasa, in har yanzu da yawa a ƙara 5. Sai a shimfiɗa ƙasa mai tsabta kamar santimita 10 a daddaɓe ta. Ita ma sabuwar ƙasar a auna ta a ramin da za a ɗebo, domin a ƙasar kuza abu ne mai sauƙi tifa ta kawo muku wani tsohon tulin.

Ga lissafi don kwamiti ya san nauyin aikin. Gida mai ƙafa 50 sau 50 kusan murabba'in mita 230 ne. Santimita 5 ɗinsa ya haura kubik mita 11, wajen tan 17, buhu mai kilo 50 kusan 340. Gida ɗaya ke nan. Shi ya sa ba wanda ke kwashe tuli gaba ɗaya. Tuli ana kwantar da gangarensa ne, a rufe da jar ƙasa kamar rabin mita, a zagaye shi da magudana don ruwan sama ya bi gefe, a dasa ciyawa.

Inda aiki ke lalacewa: ƙura. A jiƙa ƙasa kafin a taɓa ta, kada a yi ranar da iskar hunturu ke kaɗawa, a fitar da yara da kayan abinci, ma'aikata su sa takunkumi su bar kayan aiki a wurin. Cikin ɗaki a goge da jiƙaƙƙen tsumma, tsintsiya tayar da ƙurar take yi. Ramin binnewa ya zama a tudu mai yumɓu, nesa da rijiya, gindinsa sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa a Agusta, a rufe da mita ɗaya na ƙasa a kafa alama. Kuma muddin 'yan loto suna kawo yashin kuza cikin gida suna shanyawa, duk abin da kuka kashe ya tafi a banza kafin shekara ta zagayo. A ware musu wurin wanki a wajen gari.

Malamin_Gona_Kuru

Injiniya, rabin mita na jar ƙasa a kan tuli ba ƙaramin kuɗi ba ne ga kwamitin unguwa. Kafin a samu, ciyawar jema za ta yi aiki. A dasa ta layi-layi a kan kwance na gangare, tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin tushe, a farkon damina. Saiwarta na nitsawa sosai, tana riƙe yashi kada ya gangaro lambu. Amma kada wani ya ce muku tana tsotse gubar ta ƙare. Riƙewa take yi, kuma ba ta tare radiyeshon. Dabbobi ma a kange su daga wurin.

Dam kuma ban ga dalilin cike shi ba in awo bai nuna matsala ba, shi ne abincin masu lambu. Yawancin ƙarfen yana cikin laka ne a gindi. A ɗaure bakin tiyon injin ban ruwa a jikin jarka ya yi iyo kamar rabin mita ƙasa da saman ruwa, kada ya kwanta a laka. Lakar da aka yaso kuma kada a zuba ta a kwami da sunan taki.

Ƙasarmu ta Jos tana da tsami, tsami kuma shi ke sakin kadmiyam ya shiga ganye. Farar ƙasa ta noma, giram 100 zuwa 200 a murabba'in mita in ƙasar mai yashi ce, a gauraya wata guda kafin dashe, da ruɓaɓɓen takin shanu, har awon tsamin ƙasa (pH) ya hau zuwa 6.5, wato tsamin ya ragu. Takin fosfet yana ɗaure dalma, amma in awo ya nuna asenik ku guje masa, sakin sa yake yi. Latas da alayyafo su suka fi ɗauka, tumatir da tattasai kaɗan suke kaiwa cikin 'ya'ya, don haka kwamin da ke kusa da tuli a ba shi tumatir. Karas da dankali a wanke a feraye.

Anti_Nas

Malam Sakatare, alam laka yake kwantarwa, ruwa ya yi garau a ido, ba a dogara da shi wajen dalmar da ta narke. Tafasawa ma ba ta cire ta, ruwan ne ke raguwa ita tana nan. Rijiyar da ta haura ma'auni a bar ta ga wanki, a nemi wani ruwan sha.

In ƙasa ta nuna dalma, a gwada jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da masu ciki. Daga maikrogiram 5 na dalma a desilita na jini WHO ta ce a nemo inda gubar ke shigowa a toshe. Maganin fitar da ita daga jiki sai ta kai wajen 45 ake ba yaro, a hannun likita, kuma ba ya amfani in yaron zai koma gidan da ba a tsabtace ba. Madara ba maganin dalma ba ce.

Sakataren_Unguwa

Allah ya saka da alheri. To ɗakunan da aka riga aka yi wa filasta da yashin fa? Kuma wa za mu kai wa kuka?

Mai_Awon_Ƙasa

Na'urar awon radiyeshon ce za ta raba gardama, ɗaki-ɗaki. Wanda ya yi daidai da waje a bar shi. Wanda ya haura sosai a jiƙa filastar a sassaƙe ta, a binne tare da sauran ƙasar, a sake da yashin rafi da aka auna. Fenti ba ya tarewa. Kafin nan a riƙa buɗe taga, yara su koma kwana wani ɗakin. Takarda kuma ku rubuta wa sashen kula da muhallin ma'adinai na Ma'aikatar Ma'adinai ta Tarayya, da hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da ma'aikatar muhalli ta jiha, da sa hannun mai unguwa, ku haɗa da sakamakon awo da taswirar wuraren da kuka ɗibi samfur. Ɗiban yashin tuli kuwa, mai unguwa zai iya hana shi tun gobe.