Kyamarar DSLR da ɗan kuɗi kaɗan: me za a saya, me za a duba kafin a biya?

Sabuwar Shiga: Assalamu alaikum, manya. Kuɗin da ke hannu ba zai ɗauki sabuwar kyamarar DSLR, wato mai madubi a ciki da gilashin da ake cirewa a canza, ba, dole sai ta hannu. Aikin da za a yi da ita hoton mutane ne, cikin ɗaki da waje, sai bidiyo jefi-jefi. An kawo mini Nikon D3200, Canon 600D da Canon 4000D, kowace da gilashin 18-55mm. Mai 4000D yana cewa tasa ce ta fi sabunta. Waɗanda suka riƙe irin waɗannan a hannu, don Allah a taimaka.

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Shekarar fita ba ita ce daraja ba. 4000D ta fito a 2018, 600D kuma a 2011, amma dukansu megafiksel 18 ne, kuma 600D ta fi ta kayan aiki: allonta yana juyawa, tana da ramin makirfo, bakin da gilashi ke zama a ciki ƙarfe ne. Na 4000D roba ne. D3200 ta 2012 megafiksel 24 ce, kuma idan aka ƙara wa wuraren da suka yi duhu haske a kwamfuta hotonta ya fi jurewa kafin yashi-yashi ya fito. Don hoto zalla zan ɗauki D3200, in bidiyo zai yi yawa 600D.

Amma kada duk kuɗin ya ƙare a gangar jikin. Ki raba shi uku: kashi ɗaya da ɗan ɗoriya na jiki, kashi ɗaya na gilashi mai buɗaɗɗiyar ƙofa, ragowar na batir na biyu, memori biyu da abin hura ƙura. Gilashin 18-55mm ƙofar haskensa f/3.5 ce a 18mm, da an janyo zuwa 55mm ta tsuke ta koma f/5.6. Gilashin f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na f/5.6. A ɗakin da 18-55mm zai tilasta miki ɗaga ISO, wato ma'aunin ƙarfin jin haske wanda ɗaga shi ke kawo yashi-yashi, zuwa 3200, shi zai ba ki hoto a ISO 400 ko ƙasa da haka. Babu canjin jikin da zai ba ki wannan tazara.

Mai Gyara: Ni ta ɓangaren abin da ake kawowa gyara zan yi magana. Shota ce ke fara gajiya, labulen nan da ke buɗewa ya rufe a gaban sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto, duk danni ɗaya. Nikon ta gwada na D3200 zuwa danni 100,000, na D7000 da D7100 zuwa 150,000. Wannan kiyasi ne, wata tana wuce shi nesa, wata ba ta kai ba. In ta hannu ce, wadda ke ƙasa da 30,000 tana da sauran rai sosai. Wadda ta haura 80,000, sai an rage kuɗi yadda zai biya canjin shota.

Kada a yarda da lambar da ke jikin sunan hoto. Tana komawa farko bayan 9999, kuma ana iya mayar da ita daga cikin saiti. Nikon tana rubuta ainihin adadin a cikin bayanan da ke ɓoye a kowane hoto: a ɗauki sabon hoto, a buɗe shi yadda ya fito, ba wanda aka turo ta WhatsApp ba, a karanta da manhaja irin su ExifTool. Yawancin Canon ba sa saka shi a hoto, sai an jona kyamarar da kwamfuta ta wayar USB an karanta da manhajar da aka yi don haka. Mai sayarwar da ya hana a jona, akwai abin da ya sani.

Jiki ma yana ba da labari. Kan sukurori huɗu na bakin gilashi da na ƙasan jiki, in sun cinye ko fentinsu ya goge, an taɓa buɗe ta. Farin gari ko kore-kore a ɗakin batir alamar ruwa ne, kuma wadda ta sha ruwa tana iya yin wata biyu lafiya kafin tsatsa ta cinye allon lantarkinta. Wannan ko kyauta aka ba ni sai na yi tunani.

Sabuwar Shiga: Na gode, Malam. To ƙurar da ake cewa tana shiga sensa, yaya ake gane ta? Na leƙa D3200 ɗin na ga ɗigo biyu baƙaƙe.

Mai Gyara: Abin da ido ya gani ta tagar leƙe ba a kan sensa yake ba. Yana kan madubi ko ɗan allon da ke samansa, kuma ba ya fita a hoto, don madubin yana ɗagawa kafin a ɗauka. Kada ki goge wannan allo da tsumma, yana karcewa nan take.

Gwajin sensa daban ne. A sa kyamara a A ko Av, wato saitin da mai ɗauka ke zaɓar girman ƙofa da kansa, a tsuke ƙofa zuwa f/22, ISO 100, a kashe fokas na kai-da-kai a karkatar da shi yadda komai zai yi dishi-dishi, a ɗauki farin bango ko farar takarda ana ɗan motsa hannu. A buɗe hoton a girmansa na ainihi. Ɗigo mai taushin gefe ƙura ce, abin hura iska ko auduga ta musamman da ruwan wanke sensa za su ɗauke ta. Zobe mai haske a tsakiya mai ne. Dogon layi siriri da bai motsa ba bayan an hura, karce ne a kan gilashin kariyar sensa, kuma gyaransa yakan ci kusan kuɗin kyamarar. Sai kuma a rufe gilashi da murfinsa a ɗauki hoto na sakan 10. Ɗigo ja ko shuɗi biyu uku ba komai ba ne, kusan kowace tsohuwa tana da su. Layi daga sama har ƙasa kuwa, a ajiye ta.

A ƙarshe a sa saurin shota a 1/4000 na sakan a ɗauki wuri mai haske sau goma a jere. In wani gefen hoton ya yi baƙi ko ratsi ya fito, labulen ya fara jan ƙafa. A Canon, cikin lambobin matsala da kyamara ke nunawa a allo, Err 30 na shota ne, Err 20 na injin madubi da makamantansa, Err 01 kuma rashin jituwa tsakanin jiki da gilashi. Wannan na ƙarshen a fara goge filolin zinaren nan da ke inda gilashi ke haɗuwa da jiki da busasshen ƙyalle. In ya dawo duk sanda aka janyo zum zuwa wani wuri, siririyar wayar cikin gilashin ce ta tsage.

Uwar Ɗakin Hoto: 'Yar uwa, tunda an ce ki sayi f/1.8, ki kula da tarkon Nikon. Duk jerin D3000 da D5000 ba su da injin fokas a jikinsu. Tsohon 50mm f/1.8D yana da araha, zai shiga baki daram, amma ba zai yi fokas da kansa ba, sai da hannu. Wanda zai yi shi ne mai rubutun AF-S, mai injin fokas a cikinsa, kamar 50mm f/1.8G ko 35mm f/1.8G DX. D90, D7000 da D7100 suna da injin, shi ya sa tsofaffin gilasai masu arha ke aiki a kansu. Akwai kuma tarko ta ɗaya gefen: sababbin gilasai masu rubutun AF-P ba sa aiki da D3100, D3200, D5100 da D90, har fokas na hannu ba ya motsi. Ana yawan haɗa tsohon jiki da 18-55mm AF-P a sayar, mai saye bai sani ba.

Kuma ban yarda 50mm ne na farko ga kowa ba. Sensar waɗannan kyamarori ƙarama ce, don haka 50mm yana kama fili a Nikon kamar yadda 75mm ke kamawa a babbar sensa, a Canon kuma kamar 80mm. Ya yi kyau ga fuska da kafaɗa, amma a ƙaramin ɗaki bayanki zai taɓa bango kafin mutum huɗu su shiga hoto. A Nikon 35mm ya fi zama na kullum. A Canon akwai EF-S 24mm f/2.8 STM, ɗan falale kamar murfi.

Tsohon Hannu: Gaskiyarki, Hajiya, amma ta ce hoton mutane, kuma 18-55mm ɗin yana nan don taro. Ga yadda za a raba gardama ba tare da kashe ko sisi ba: a ɗaure zum ɗin da salatif a 35mm a yi mako ana ɗauka, a mayar da shi 50mm a sake mako. Wanda hannu ya fi sakewa da shi, shi za a saya. In Canon ce, a nemi 50mm f/1.8 STM na 2015 mai bakin ƙarfe. Wanda ya gabace shi, mai lamba II, bakinsa roba ne kuma in ya faɗi yakan rabe biyu.

Ɗan Gilashi: Duba gilashi na hannu minti biyar ne. A cire murafu biyu, a haska tocilar waya ta baya a karkace, a leƙa ta gaba. Ƙura 'yar kaɗan babu gilashin da ba shi da ita, ba ta taɓa hoto. Abin gudu shi ne fumfuna, tana kama da saƙar gizo ko saiwar ciyawa, galibi daga gefe take farowa, kuma in ta daɗe tana cinye shafen da ke kan gilashin har abada. Hazo mai kama da tururi ma yana kashe kaifi, musamman in haske na fuskantar kyamara. Karce a gilashin gaba da wuya ya nuna. Na gilashin baya ya fi illa, don shi ne kusa da sensa.

A gilashin Nikon akwai ɗan harshen ƙarfe a baya. A ja shi da yatsa a saki: ganyayyakin ƙofa su buɗe su koma da sauri, tsaf. In suna komawa a hankali ko suna ƙyalli, mai ya malalo musu, kuma hotuna za su riƙa fitowa da hasken da ya wuce kima.

Abu ɗaya da ake mantawa: a jingina ma'auni ko littafi a karkace, a buɗe ƙofa gaba ɗaya, a yi fokas a kan layi ɗaya ta tagar leƙe, sannan a sake ta allon baya. In na allo ya fito da kaifi amma na taga kullum yana sauka gaba ko bayan layin, jiki da gilashin ba su daidaita ba. D7000, D7100 da Canon 70D suna da wurin gyara wannan a cikin saiti. D3200, 600D da 60D ba su da shi, sai an kai gyara. Don haka a gwada gilashin a kan jikin da za a saya, ba a kan wani ba.

In aka yi miki tayin Canon 75-300mm a matsayin ƙari a kan ciniki, kada ya sa ki ƙara kuɗi. Wanda ake yawan haɗawa ba shi da maganin rawar hannu kuma yana laushi a 300mm. EF-S 55-250mm IS, mai maganin rawar hannu, ya fi shi ta kowace fuska in ban da nisan janyowa.

Mai Bidiyo: Kan bidiyo, a san iyakarsu tun yanzu. D3200 tana tsayawa a minti 20. 600D tana yanke ɗauka in fayil ya kai 4GB, kusan minti 12 ke nan a 1080p, kuma ba ta bin mutum da fokas yayin ɗauka. Wanda ke son fokas mai bin fuska a tsohuwar Canon, daga 70D ta 2013 abin ya fara kyau. D3300 tana da ramin makirfo, D3400 da D3500 da suka biyo ta babu, ga shi nan sabuwa ta gaza tsohuwa.

Memori kuma a sayi mai lamba 10 a cikin zobe, daga inda za a iya mayarwa. Na jabu yana nuna 64GB alhali cikinsa kaɗan ne, zai yi ta karɓar hoto yana taka na baya, sai an zo kwafewa a tarar da fayiloli ba sa buɗuwa. A cika shi taf a kwamfuta da manhajar gwajin memori H2testw kafin aikin farko. Biyu masu 32GB sun fi ɗaya babba, kuma a riƙa share su daga cikin kyamarar.

Uwar Ɗakin Hoto: Ƙarin abu kan 4000D: a duba mazaunin filasha a samanta. Ita da 250D babu babban fil ɗin tsakiya, wanda filasha masu arha na hannu ke dogara da shi, don haka da yawansu ba za su tashi ba. Ga mai hoton cikin ɗaki wannan babban rashi ne, domin filasha ɗaya da aka harba wa silin ta dawo a tausashe tana gyara fuska fiye da ƙarin megafiksel.

Batir kuma a tabbatar da lambarsa: LP-E8 na 550D zuwa 700D, LP-E10 na 4000D da 'yan uwanta, EN-EL14 na D3200. A ɗora shi a kan tebur a juya. In yana lilo kamar kwano, ya kumbura, kuma wata rana zai maƙale a ciki. Caja ta asali ta fi batir na asali muhimmanci, don waɗannan kyamarori ba sa caji ta USB.

Sabuwar Shiga: Allah ya saka da alheri. An karanta D3200 ɗin, danni 21,400 ne, bangon ya nuna ɗigo uku masu taushi, gilashin kuma AF-S ne mai VR, wato maganin rawar hannu. Sai dai robar da ke wajen riƙo ta fara ɗagowa, kuma babu caja.

Mai Gyara: Robar ba ciwo ba ce, ƙanwata, salatif mai manne ta fuska biyu ake sa mata, kada dai a zuba gam mai ruwa don yana gangarawa cikin maɓallai. Cajarta MH-24 ce, ki sa a cire kuɗinta daga ciniki. Kafin ki biya, ki danna maɓallin ɗaukar hoto rabi ki kasa kunne: VR mai lafiya yana ɗan ƙas sau ɗaya, hoton cikin taga ya tsaya cak. In yana tsalle ko yana ƙara ba ƙaƙƙautawa, ki karɓi jikin kaɗai, kuɗin gilashin ki haɗa ki sayi 35mm.