Ranar da na'ura za ta ce ba za ka ci nama ba

Usman: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da wata magana da nake so mu tattauna. Ni na yi imani jikokinmu za su rayu a zamanin da hukuma ce za ta yanka wa kowa abin da zai ci. Ka shiga kanti, ka ɗora yatsa, na'ura ta duba nauyinka da sukarin jininka, ta ce wannan watan ba nama, ba lemon kwalba. Kuma da sunan kiwon lafiya abin zai shigo. Ku dubi Japan: tun 2008 doka ta ce a riƙa auna ƙugun duk mai shekara 40 zuwa 74, namiji kada ya wuce santimita 85, mace 90.

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. Usman, rabin labarin ka kawo. A Japan ba a cin mutum tara don ya yi teɓa, shawara ake ba shi. Masu inshorar lafiyarsa ne ake matsa wa. Ni a ɗakin masu ciwon suga nake aiki. Na sha wanke gyambon ƙafar magidancin da bai kai hamsin ba, yatsu sun yi baƙi, matarsa na gefe tana tambaya ko za a yanke. Ka ga wannan sannan ka ce hukuma ta naɗe hannu? Meziko ta sa harajin peso ɗaya kan kowace litar lemo mai sukari a 2014. Ingila ta sa nata a 2018, kamfanoni da kansu suka rage sukarin. Mu ma dokar kuɗi ta 2021 ta sa naira 10 a lita. Gishirin da ke miyarka ma doka ce ta sa aka zuba masa aidin, shi ya sa ba ka cika ganin maƙoƙo ba yanzu.

Malam Idi: Rabi, Allah ya yi miki albarka, gishiri da haraji ba su ne abin tsoro ba. Yaron nan yana hango gaba, ni kuwa baya nake tunawa. A 1958 gwamnatin Mao a Sin ta tara manoma a gandayen haɗaka, aka ce kowa ya ci a babban ɗakin girki na gari. Tukwanen ƙarfe na gidaje ma an kwashe da yawa an narkar, wai za a yi ƙarfen gina ƙasa. Da hatsi ya yi ƙasa, mai riƙe da ludayi ya zama mai mulki. Wanda aka ce ya yi lalaci ko ya yi tsaurin kai, a rage masa kwano. Kafin 1962 mutane miliyan gommai sun mutu. A Tarayyar Sobiyet kuwa, dokar watan Agusta 1932 ta sa ko kala ka yi a gonar haɗaka bayan girbi, kana iya shan ɗaurin shekara 10 ko kisa, ana tsakiyar yunwar Yukren. Kala fa, abin da ake bar wa gwauraye da marayu!

Anti Rabi: Allah gafarta Malam, wannan zalunci ne tsagwaronsa, ban musa ba. Amma ba duk rabon abinci ne zalunci ba. Ingila ta raba abinci da takarda daga 1940 har 1954, mai kuɗi da talaka kowa da kasonsa na nama da sukari da man shanu, talakawa da yawa ma sun fi samun abinci mai gina jiki a lokacin. Annabi Yusuf alaihis salam ai hatsin shekara bakwai ya tara, ya riƙa aunawa yana bayarwa.

Malam Idi: Shi Annabi Yusuf da bakinsa ya ce shi mai tsarewa ne, masani. Samo mana irinsa a kan rumbun, sai in yi shiru.

Zainab: Baba, Anti, ku ba ni dama in sa baki. Abin da Yaya Usman yake tsoro rabinsa ya riga ya iso, sai dai ta kan talaka ya fara, shi ya sa ba a jin ƙararsa. A Indiya an haɗa katin karɓar hatsin gwamnati da lambar shaida ta Aadhaar, sai ka ɗora yatsa kafin a auna maka shinkafa. Leburan da aiki ya cinye zanen yatsunsa, ko tsohuwar da na'ura ta ƙi ganewa, sai su koma gida da buhu wayam. A jihar Jharkhand a 2017 wata yarinya 'yar shekara 11 ta rasu bayan an soke katin gidansu don ba a haɗa shi da lambar ba. Mahaifiyarta ta ce yunwa ce, jami'ai suka ce zazzaɓin cizon sauro ne. A sansanin Zaatari na ƙasar Jodan, tun 2016 'yan gudun hijirar Siriya da ƙwayar ido suke biyan kuɗin cefane, na'ura ta leƙa idon ta cire kuɗin tallafi. Niyyar hana sata ce, na yarda. Amma duk abin da ka saya a rubuce yake da sunanka. Kuma a Benezuwela an daɗe ana zargin cewa kwalayen abincin tallafi na shirin gwamnati mai suna CLAP da aka fara rabawa a 2016 sun fi zuwa hannun masu goyon bayan gwamnati.

Usman: Madalla ƙanwata. Mu ma ai mun ɗanɗana a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi. Na tsaya gaban mai awo, kuɗi na cikin asusuna, na tura har ya fita daga wajena, shi bai gani ba. Ya juye masarar ya mayar cikin buhu, ya ce in yi haƙuri. Wannan matsalar sabis ce kawai, ba wanda ya nufe ni da sharri. To ina ga ranar da tsabar kuɗi ta ɓace gaba ɗaya, aka haɗa asusunka da katin asibitinka, wani kuma ya nufe ka?

Anti Rabi: A nan kam ina tare da kai. Bayanan mara lafiya amana ce, ba zan yarda a kai su kanti ba. Amma harajin sukari ina nan ina goyon bayansa, naira 10 ma ta yi kaɗan. Kuma jama'a ba gumaka ba ne. Denmak ta sa haraji kan kitse a 2011, mutane suka riƙa tsallakawa Jamus suna sayen man shanu, shekara ɗaya da 'yan watanni aka soke shi.

Zainab: Anti, su sun tsallaka ne don suna da mota da fasfo da kuɗi a aljihu, kuma gwamnatinsu tana tsoron ƙuri'arsu. Matar da ke layi a Zaatari, in na'ura ta ƙi idonta yau, wace kasuwa za ta tsallaka?